Zafin da Ba Na Bahago Ba

Yayana ba ya faɗin "kusan". Tun muna yara haka Allah ya yi shi. Inna za ta ce mun shanya ta awa guda tana jira, shi kuwa ya ɗaga kai ya dubi agogon bango ya ce bai kai ba tukuna. Baba yana ba baƙi labarin kifin da ya taɓa kamawa yana saurayi, ya ware hannuwa, sai ka ji muryar Yaya daga bayan kujera yana cewa wancan karon hannuwan ba su kai nan ba. Ya sha ranƙwashi har tsakiyar kansa ta saba, bai fasa ba. Muka sa masa Malam Daidai don tsokana, ya karɓi sunan hannu biyu, har yana amsawa.

Ni ce autarmu, kuma tela ce ni, don haka ni ma da awo nake ci. Amma nawa awon na zaman duniya ne. In mace ta ce ƙugunta bai ƙaru ba sai in ce haka ne, in ƙara mata yatsa biyu a ɓoye, kowa ya tafi da mutuncinsa. Yaya ba ya gane wannan. Akwai ranar da ya shigo shagona ya ɗauki tef ɗina, ya shimfiɗa shi a kan rular ƙarfen da yake yawo da ita a jaka, ya sanar a gaban masu kawo ɗinki cewa tef ɗin ya miƙe, duk wadda na auna ta fi abin da na ce. Ɗaya daga cikinsu ba ta sake tako shagon ba. Na ɗauke masa wuta na daina amsa wayarsa, shi kuwa har yau bai san laifinsa ba, tunda gaskiya ya faɗa. Abin haushin ke nan, kullum gaskiyar yake faɗa. Na girma ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da Malam Daidai zai yi kuskure, ko da na gishirin miya ne.

Aikinsa auna zafi ne, amma ba na jikin mutum ba. A cikin kowace waya akwai wani ɗan baƙin falle da bai wuce farcen yatsa ba, shi ne ƙwaƙwalwarta. A cikinsa kuma akwai 'yan makunnai birjik masu kunnawa da kashewa, ƙanana ƙwarai, har silin gashi ya zama gungume a kusa da su. In wuta tana bi ta cikinsu sukan yi zafi, in zafin ya yi yawa su mutu, wayar ta bi su. Wurin aikin su Yaya cibiya ce da ake gwada sababbin irin waɗannan makunnai kafin masu masana'anta su yarda da su. Wasu su ƙera, shi ya auna, kuma abin da ya faɗa shi ne hukunci. Inna dai ba ta taɓa gane wannan ba. In an tambaye ta sai ta ce ɗanta likitan waya ne, maƙwabta su yi ta aiko masa da wayoyin da suka faɗa bokiti.

Sau ɗaya ya shigar da ni ɗakin awon. Sai da aka sa mini farar riga da hula da leda a takalmi, kamar zan shiga tiyata. Ɗaki ne mara taga, mai sanyin da ke shiga ƙashi, da wani ƙaton teburin ƙarfe a tsakiya wanda ya ce a kan iska yake zaune, don kada babbar motar da ta wuce a titi ta girgiza shi. Kafin in buɗe baki ya ce kada in jingina. A kan teburin akwai madubin ƙara girma da 'yan gilasai jere a kan sanduna, an zagaye su da baƙin labule.

Ya yi mini bayani da muryar nan tasa ta malamin firamare. Abin da ake aunawa ya yi ƙanƙanta da a ɗora masa ma'aunin zafi, don haka sai a haska shi da siririn hasken leza. Hasken da ya dawo launinsa yakan ɗan sauya gwargwadon zafin wurin, kwamfuta ta karanta ta ba da lamba. Matsalar ita ce hasken shi kansa yana da zafi. Shi ya sa akwai wani baƙin gilashi kamar idon tabarau da ake sakawa a hanyarsa ya rage masa ƙarfi. Kuma ƙa'idar masu sana'ar ce, in ka auna, ka ƙara rage hasken ka sake aunawa. In lambar ta sauka, to ba abin ne ke da zafi ba, kai ne kake gasa shi. Ya ce duk sabon ma'aikaci wannan yake fara koya masa, har ya taɓa sa wata kuka a kai. Na ce ban yi mamaki ba.

Amininsa a wurin shi ne Bahago, mai ƙera makunnan. Shekara ɗaya aka ɗauke su aiki. Mutum ne mai jiki, mai dariya da dukan cikinsa. In ka ga yatsunsa sai ka rantse ba zai iya zura zare a allura ba, amma in ya riƙe hantsaki da hannun hagun nan, ko numfashinsa ba ya motsa shi. Shi kaɗai ke yi wa Yaya tsiya ya tashi lafiya, kuma shi ya kai sunan Malam Daidai ofis bayan ya ji shi a bakina. Tare suke cin abincin rana a bencin bayan gini, Bahago yana zura hannu a kwanon Yaya yana cewa zafinsa yake auna masa. Matarsa ni nake yi mata ɗinki, ita da 'ya'yansu mata biyu. Mace ce mai kawaici, ba ta taɓa ce mini na makara da kaya ba, alhali kullum sai na makara.

Bahago ya daɗe yana fama da wani sabon irin makunni, mafi ƙanƙanta da suka taɓa yi, wanda ya ce zai yi aiki ba tare da ya ɗau zafi ba. Saboda shi aka tsawaita masa kwantiragi, kuma kowa ya san a kansa za a yanke ko zai ci gaba da zama a wurin. Ranar da ya gama kashin farko, da kansa ya kai wa Yaya a cikin 'yar akwatin roba, yana tafe a hankali kamar ya ɗauko jariri. Yaya ya auna, lamba ta fito can sama, nesa da inda ake fata. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, duk haka suka fito.

A taron sashensu, gaban shugaba da kowa da kowa, Yaya ya haska hotunan a bango, ga jan tabo a tsakiyar kowane makunni, ya ce waɗannan ba za su yi ƙarko a cikin waya ba. Bahago bai yi musu ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Aboki, ka tabbata?"

"Ni kake tambaya?" in ji Yaya.

Mutane suka yi dariya, har da Bahagon. Yaya ne ya ba ni wannan labari da bakinsa a lokacin, kuma na ga alamar amsar ta yi masa daɗi.

Bahago ya koma ya sake ƙerawa. Ya wanke injuna, ya zargi ruwan da suke wanke kayan da shi, ya zargi iskar ɗakin, da ya rasa abin zargi ya koma kan kansa. Duk kashin da ya kawo, Yaya ya auna, ja ya fito. Da shekara ta zagayo aka kira shi ofis aka yi masa godiya. Yaya ya taya shi kwashe kaya zuwa mota, ya zo ya ce mini abin ya yi masa ciwo, amma awo bai san aboki ba. Bahago ya koma tsaron shagon fenti na ƙanin matarsa. Matar ta rage kawo ɗinki, in ta kawo ma na sakin rigunan yara ne don su ƙara shekara. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Bayan wasu watanni matar Yaya ta kira ni ta ce in zo in duba ɗan'uwana, abinci yana dawo mata yadda ta kai shi, kuma ya daina gyara wa mai karanta labarai magana a talabijin. Na biyun ne ya tayar mini da hankali. Kafin in samu zuwa, wata ranar aiki da hantsi, sai ga shi a shagona. Mutumin da ko ranar da matarsa ta haihu sai da aka tashi daga ofis ya je asibiti. Ya wuce kujera ya zauna a kan buhun ƙyallaye a lungu. Na ce lafiya, ya ce lafiya. Na ci gaba da taka keke, don na san halinsa, in ka tambaye shi sau biyu sai ya gyara maka tambayar. Na gama haɗa hannun riga. Sannan ya fito da 'yar akwatin roba daga aljihu ya ajiye a kan teburin yanka, ya ce ta Bahago ce.

Bai dube ni ba har ya gama magana. Ya ce kwanakin baya an kawo masa wani ɗan ƙaramin makunni daga wurin wanda ya gaji Bahago. Ya ɗora shi, ya haska, lamba ta fito sama. Har ya fara rubuta sakamako. Da ya sunkuya zai cire shi sai ya ga igiyar da ke kai masa wuta tana reto a gefen tebur, ya manta bai jona ta ba.

"A kashe yake, Auta. Ko ɗigon wuta bai shiga ba. Amma na'ura ta ce yana tafasa."

Ya ce ya ɗaga baƙin labulen ya bi hanyar hasken da ido, ya tarar gurbin baƙin gilashin babu komai. Ya jawo aljihun tebur, ga shi nan a naɗe cikin farar takarda, naɗin hannunsa. Nan take ya tuna. Ranar da Bahago ya kawo kashin farko, makunnan sun yi ƙanƙanta har hasken da ke dawowa ya yi rauni, layin da kwamfuta ke zanawa yana ta rawa. Sai ya cire gilashin don ya gani da kyau, da niyyar mayarwa. Layi ya fito sumul, gwanin kyau, ya burge shi, ya ci gaba. Manyan makunnan da ya riƙa aunawa bayan nan suna da jikin da zai shanye zafin hasken, don haka ba su tona shi ba. Ƙananan ne kawai ke gasuwa, ƙananan kuwa na Bahago ne.

Na ce to awo na biyun fa, wanda ya sa 'yar mutane kuka a kai? Ya ce ya yi shekaru rabonsa da shi. Ya ga bai taɓa samun bambanci ba, sai ya bar wa masu koyo. Teburinsa kuwa babu mai taɓawa, balle a leƙa bayan labulensa, wa zai duba aikin Malam Daidai.

"Ka sake auna nasa?" na ce.

"Na mayar da gilashin na auna. Sanyi ƙalau. Tunda nake ban taɓa auna abin da ya kai su kyau ba."

Ga ranar da na yi ta roƙo ta zo, har cikin shagona, kuma babu ko ɗanɗanon daɗi a cikinta. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ke sa kunnuwa zafi. Idona ya faɗa kan rigar babbar 'yar Bahago da ke rataye a ƙusa, wadda na saki gindinta har babu sauran abin saki, na kau da kai. Na tambaye shi wa ya sani. Ya ce daga shi sai ni. Gilashi ya koma gurbinsa, in ya ja bakinsa ya yi shiru babu mai ganowa har abada. Ya ce ya gwada shirun. Kullum yana sa farar riga yana shiga, mutane suna gaishe shi da girmamawa, yana jin kamar kayan wani ya sato ya sa. Jiya ma wani sabon ma'aikaci ya roƙe shi ya koya masa ƙa'idar awo biyu, ya kasa, ya ce masa mura yake yi. Bencin bayan gini kuwa ya daina bi ta wajensa, zagaye yake yi.

Na ce masa ni ba zan gaya masa abin da zai yi ba, shi da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa mutane. Daga nan kuma na gaya masa, ban rage komai ba, har mai shagon kusa ta leƙo ta ga ko lafiya. Bai gyara mini ko kalma ɗaya ba. Wannan ya fi komai karya mini zuciya.

Washegari ya je wurin shugaban sashe. Da yamma ya biyo ta shagona, fuskarsa ta fi ta jiya muni. Ya ce shugaba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce kowa yana kuskure, ya yaba masa da ya zo da kansa, har ya dafa masa kafaɗa. Za a gyara rahoto, sunan Bahago zai hau kai, za a kuma sanar da sashe. Amma aikin can an rufe shi, gurbin an ba wani, shi ma mai iyali ne, ba za a kore shi ba don laifin da ba nasa ba. In ƙofa ta buɗe nan gaba za a duba. Yaya ya ce to shi zai sauka, a ba Bahago nasa gurbin. Shugaba ya yi murmushi ya ce Bahago ƙira ya iya ba awo ba, kuma in Yaya ya tafi wa zai auna musu.

"Ko takardar gargaɗi ba su ba ni ba," in ji shi. "Da korata suka yi da na fi iya tafiya a titi."

Sai ya roƙe ni in raka shi gidan Bahago. Yaya guda, da furfura a gemu, yana roƙon auta ta raka shi unguwa. Na so in tsokane shi, bakina ya ƙi. Na naɗe rigar yarinyar na sa a leda don a ce ina da abin da ya kawo ni.

Ranar hutu da la'asar muka je. Sun tashi daga gidan da na sani, sun koma ɗakuna biyu a saman shagon fentin. Matakalar siririya ce, gwangwanaye jere a gefenta, warin fenti yana bin mutum har sama. Yaya yana gaba, yana hawa kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa. Bahago ne ya buɗe ƙofa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga tabarau a idonsa da ban san shi da shi ba. Yana ganin Yaya ya rungume shi ya ɗaga shi sama, yana cewa yau wace rana, Malam Daidai ya ɓata hanya. Ya kira matarsa ta zo ta ga baƙi. Ta gaishe mu da fara'a, ta karɓi ledar ta yi godiya, ta kawo shayi a kofunan da na san na baƙi ne, ta koma kicin.

Yaya ya riƙe kofi bai sha ba. Sau biyu yana gyara murya, Bahago yana rigansa. Ya tambayi Inna, ya tambayi mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya, ya ba mu labarin wani da ya sayi fenti shuɗi ya dawo yana rantsuwa kore aka ba shi. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai cikinsa kamar da. Da ya ga Yaya ya kasa sakewa sai ya sassauta murya ya ce ya san abin da ke damunsa, kuma ya daɗe yana so ya gaya masa ya cire komai daga ransa. Ya ce ya je likitan ido, ya je na jijiya, duk sun ce ba su ga komai ba, amma ya sayi tabarau duk da haka, don ya san dole akwai abin da ya lalace. Hantsaki kuwa ya daina taɓawa. Ko ƙaya ce ta shiga ƙafar ƙaramar 'yarsa, uwarta yake miƙa wa.

"Da wani ne ya auna, aboki, da na kai ƙara har sama. Amma kai ne. Na ce wa maman yara, in Malam Daidai ya ce hannuna ya mutu, to ya mutu, mu nemi wata hanya. Ka taimake ni ma, da har yanzu ina can ina ɓata wa mutane lokaci."

Ni dai na sunkuyar da kai ina kallon tabarmar roba da ke ƙasa, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ji ƙarar kofi a kan tire. Yaya ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban abokinsa, ya fito da akwatin robar ya ajiye a tsakaninsu.

"Hannunka bai mutu ba," ya ce. "Ni na cire baƙin gilashin ranar da ka kawo na farko, ban mayar ba. Ban yi awo na biyu ba, ko sau ɗaya. Zafin da na nuna a bango haskena ne. Ka tambaye ni ko na tabbata, na mayar da kai abin dariya."

A ƙasa wani yana buga ƙofar shago yana kiran mai fenti, har ya gaji ya tafi. Can Bahago ya miƙa hannu ya ɗauki akwatin, ya buɗe, ya kusantar da ita ga fuskarsa, ko da yake babu abin da ido zai gani a ciki sai 'yan baƙaƙen fallaye. Ya tambayi lambar gaskiyar. Yaya ya faɗa. Ya sake tambaya ko duka haka suke, har da kashin farko. Yaya ya ce har da na farko. Ya jinjina kai a hankali ya ce ashe ma sun fi abin da ya yi fata.

Na zaci zai yi faɗa, kuma wallahi na so ya yi. Da ya ɗaga hannu ya wanke Yaya da mari da na ji sauƙi, na tabbata shi ma Yayan haka. Bai yi ba. Ya rufe akwatin, ya juya wajen kicin ya kira matarsa. Ta fito tana goge hannu a zani, ta ga Yaya a durƙushe, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka maimaita," in ji Bahago. "Ni na gaya mata da bakina cewa ni na gaza. Ta ji daga naka."

Yaya ya juya gwiwoyinsa ya fuskance ta. Ya maimaita tun daga farko, bai tsallake komai ba, har da "ni kake tambaya". 'Yan matan biyu sun leƙo daga ɗaki, babu wanda ya kore su, suka ji duka. Ni ma hawaye nake yi, na haushi ne ko na tausayi ban sani ba, ina gogewa da bakin mayafi.

Matar ta saurara har ya kai aya. Ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, idonta ya cika amma bai zubo ba. Sannan ta dubi Yaya, ta yi tambaya da muryarta ta kullum, ba faɗa ba gori, kamar mai tambayar ranar karɓar ɗinki.

"To yaushe zai koma?"

Yaya ya fara cewa za a gyara rahoto, sunan Bahago zai hau kai, ya ji da kunnensa yadda maganar take, ya bari.

"An riga an ɗauki wani," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ta sunkuya ta tattara kofunan, shayin yana nan yadda ta kawo shi, ta ɗauki tiren ta koma kicin, muka ji ta kunna famfo. Yaya yana nan a durƙushe, babu wanda ya ce masa ya tashi. Bahago ya ɗora hannunsa na hagu a kan gwiwa, da busasshen fenti a ƙarƙashin farata, yana juya shi ciki da baya yana kallo.